Sabulun Kyauta da Allon da Ke Kallon Ƙofar Yayata

Zuwa ga:
Shugaban Sashen Sauraron Ƙorafe-ƙorafe,
Ofishin Kare Haƙƙin Masu Saye.

Daga:
Tsohon mai tace labarai, gida na tara, layin bayan makarantar firamare, a madadin yayata, mai sabulu, gida na huɗu a wannan layin.

Litinin, 14 ga watan Yuli.

Game da: Kwalin sabulun da aka bai wa yayata kyauta, da allon tallan da aka kafa da fuskarta, da maganarta da aka datse.

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka da aiki, ina kuma neman afuwa kan tsawon wannan takarda. Shekara ashirin da shida na yi a gidan jarida ina rage wa mutane tsawon rubutu, na san haƙurin mai karatu yana da iyaka. Na cire duk abin da zai ciru. Abin da ya rage yana da kwanan wata, yana da shaida.

Ƙorafin nan a kan wani kamfanin sabulu ne. Sunansa da adireshinsa suna kan takardun da na haɗo. Ba zan rubuta sunan a nan ba, tallan da ya samu a banza daga gidanmu ya ishe shi.

1. Yayata shekararta sittin da ɗaya. Sabulun wanki take yi a bayan gidanta, yau shekara talatin. Kayan aikinta ba su da yawa: rabin duro da take dafa haɗin a ciki, muciya mai tsawon mutum, akwatunan katako shida da take zuba shi ya daskare, wayar da take yanka shi da ita, sai katakan da ta jera a ƙarƙashin rumfa, inda sabulun ke shan iska mako shida kafin ta yarda ya bar gidan. Ba ta da takardar naɗe sabulu, ba ta da tambari. Bayan cokali take danna wa kowane ɗaya tun yana da taushi, da wannan lotsawar ake gane nata a ko'ina. Duk layin Inna Mai Sabulu suke ce mata, akwai waɗanda suka girma har suka yi aure ba su san tana da wani sunan ba. Da wannan duron aka ƙarasa mini makaranta. Na faɗi haka ne don ka san ni ba ɗan kallo ba ne a maganar, ka auna abin da zan ce da hakan.

2. Ranar Asabar, 5 ga Afrilu, da misalin ƙarfe goma na safe, wata koriyar mota mai lasifika ta shigo layinmu. Ma'aikatan kamfanin ne, sanye da riga iri ɗaya, jagorarsu wata mata mai yawan fara'a da fayil a hammata. Suna bin gida gida suna ba da sabulu ɗaya, wai a gwada a gani. Da suka iso gida na huɗu ƙofa a buɗe take. Jagorar ta hango sabulai jere a rumfa, ta tsaya, ta tambayi na wane ne, ta koma gefe ta yi waya. Da ta dawo sai ta sa aka sauko da kwali guda mai ɗauke da goma sha biyu, ta ce babba ai sai babban rabo.

Yaya ta karɓa, kuma dalilinta biyu ne. Na farko, ba ta taɓa mayar da hannun kyauta ba. Ko ashana ka ba ta, sai ta yi maka addu'ar da za ka ji kunyar ƙanƙantar abin. Na biyu, mai sana'a ce, ta daɗe tana son ta yanka na kamfani ta ga abin da ke cikinsa.

Sai aka fito da fom, wai don ofis ya san an bayar. Tabaraun Yaya ya karye tun makon da ya gabata, saboda haka aka aika aka kira ni, tunda ni ne mai karatun gidan. Gaban fom ɗin ba wani abu: suna, sana'a, lambar waya. A ƙasa kuma layi biyar, da rubutu mai ado a samansu, wai mutum biyar da kike so su ma su sami wannan alheri. Yaya ba ta yi dogon tunani ba. Ta ce a sa waɗanda suka fi kowa wanki, su ne kyautar za ta fi yi wa rana. Ta lissafo mai wanki da guga na bakin titi, da matar da ke kula da ɗakin kwanan ɗalibai a makarantar 'yan mata, da mai gidan abinci, da mai masaukin baƙi na kusa da tasha, da wata maƙwabciya mai 'ya'ya tara. Waɗannan biyar ɗin su ne manyan masu sayen sabulunta. Abin da kowane mai sana'a ke ɓoyewa a ƙirjinsa, ita ta zazzage shi a bakin ƙofa don ta yi wa mutanenta alheri. Ni na rubuta. Na rubuta da kyau, har na sake duba lambobin sau biyu kada in yi kuskure.

Ban juya takardar ba. Ina so wannan ya shiga cikin fayil ɗinku daga bakina, kafin kamfanin ya kawo shi a matsayin abin da ya bankaɗo. Ni da na shafe rayuwata ina hana waƙafi ɗaya wucewa ba a duba shi ba, na miƙa wa yayata biro ta sa hannu a takardar da ban ga bayanta ba. Dalili kuwa ba wani ba ne, an ce kyauta ce, sai na saki jiki.

3. Washegari Yaya ta yi wa sabulun gwajin da take yi wa nata, ni kuma na rubuta sakamakon a littafin aljihuna, don al'adar aiki ba ta barin mutum. Ta yanka guda ɗaya biyu da wayarta, wayar ta wuce ba ta ko tirje ba, ta ce ɗanye ne. Rabi ta wanke wuyan riguna da shi, rabi ta jefa a kwanon ruwa, ta jefa rabin nata a wani kwanon kusa da shi. Ga abin da muka gani, kuma ba zan tauye wa kamfanin haƙƙinsa ba. Wajen ƙamshi, nasu ya fi. Wajen kumfa ma ya fi, yana tashi har ya cika baho. Wajen fitar da datti, kunnen doki suka yi. Wajen ƙarko kuwa babu haɗi: nasu ya narke ƙarƙaf cikin kwana biyu, nata yana nan da sauransa a kwana na shida, sai ta gaji ta zubar da ruwan. Sabulu ne na tsaka-tsaki mai kyan takarda. Da a nan maganar ta tsaya, da na ce an ba mu abin da ba mu nema ba, mun gode.

4. Ranar Asabar, 12 ga Afrilu, suka dawo, wannan karon da kyamara da fitila mai ƙafa. Jagorar ta ce jin ra'ayi kawai suka zo yi, don su gyara aikinsu. Suka ɗauko kujera suka ajiye ta daidai gaban katakan da sabulun Yaya ke shanya, suka zaunar da ita, suka ɗora mata nasu a hannu. 'Yarta tana gefe tana ɗauka da wayarta don tunawa, shi ya sa muke da maganar gaba ɗayanta. Ga farkonta, kalma da kalma:

"Wajen ƙamshi, wannan ya fi wanda nake yi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma 'ya'yan nan, ku gaya wa mai dafa muku ya rage ruwa. Kuma ku bar shi ya sha iska, kuna saurin naɗe shi kamar ana korarku. Sabulu ba ya son gaggawa. Na sa shi a kwano, kafin in waiwayo ya bi ruwa kamar sukari a shayi."

Ta ci gaba har minti uku da 'yan daƙiƙoƙi, tana koya musu yadda ake gane haɗi ya nuna, da yadda ake jera sabulu iska ta ratsa shi. Ilimin shekara talatin ta ba su, ita ma a kyauta, sai dai nata babu fom. Jagorar ta yi tafi, ta ce Mama kin gama magana. Suka bar mata hula mai tambari suka tafi.

5. Ranar Talata, 20 ga Mayu, aka kafa allon talla a mararrabar bakin layinmu. Na auna faɗinsa da ƙafa, taku goma sha biyu ne. Fuskar Yaya ce a kai, tana murmushin da take yi wa baƙo, da sabulunsu a hannunta. A bayanta ga nata sabulan a jere, an dusashe su sun yi kamar tubalan da ruwa ya ci. Rubutun kuwa kalma shida ne, kowace ta kai girman ƙofa: "Wannan ya fi wanda nake yi." A ƙasa an rubuta: mai sabulun gida, shekara talatin a sana'a.

Ranka ya daɗe, na san wannan aikin, don irinsa nake kamawa a da. Sun cire kalma biyu a gaba, sun zubar da minti uku a baya, suka bar tsakiya tana faɗin kishiyar abin da mai maganar ta nufa. Ba a yin haka da kuskure. Wanda ya yi shi ya saurari maganar tun daga farko har ƙarshe, ya san inda zai sa almakashi. A ɗakin labaran da na yi aiki, ɗan rahoton da ya kawo irin wannan ba ya kai azahar a kan kujerarsa. Su kuwa sun ɗauki nasu sun hau da shi sama, sun sa masa fitilu huɗu.

Allon yana fuskantar layinmu ne, ba babban titi ba. Duk wanda ya tsaya a ƙofar gida na huɗu, shi zai fara gani. Titin yana da mararraba bakwai, na bi su duka, wannan kaɗai aka zaɓa. Na bar maka ka yanke hukunci ko dace ne.

6. Mutum biyar ɗin da muka rubuta kuwa, tun ranar 19 ga Afrilu motar ta fara kai musu sabulu har ƙofa, kwali-kwali, kowane wata, na tsawon wata uku, duk a kyauta. An gaya wa kowannensu Inna Mai Sabulu ce ta aiko su. Wannan ma ba za a ce ƙarya ce ba, tunda ga sunanta a fom. Da allon ya hau sai magana ta haɗu. Ba na ganin laifin kowa a cikinsu. Mutum yana da tulin wanki, an kawo masa sabulu har gida, ga mai sabulun da ya saba da ita a sama tana cewa wannan ya fi nata, me zai jira?

Abin da ya biyo baya a layi ba na kai wa kotu ba ne, amma shi ne ya fi ciwo. Ɗaliban firamare suna koyon karatu da allon, suna haɗa baki su karanta shi da ƙarfi idan an tashi. Wata maƙwabciya ta tare Yaya a wurin famfo ta tambaye ta ko yanzu sai an cika fom kafin a gaishe ta. Wata ta ce ita dai shekara goma sha biyar tana sayen abin da mai shi ma ta san bai kai ba, ai da an faɗa musu tun da wuri. Wani ya ce lallai an yi mata ruwan kuɗi, shi ya sa ta sayar da sana'arta a tsaye. Don kawar da shakka: abin da ya shigo gidan daga kamfanin nan sabulu goma sha biyu ne da hula ɗaya. Hular ma ta yi mata kaɗan.

Ranar 21 ga Mayu Yaya ta wanke duron, ta kife shi, ta ɗora dutse a kai. Ta ce ba za ta sake hura wuta a ƙarƙashinsa ba muddin fuskarta tana can sama tana ƙaryata hannunta. Tun ranar ba ta yi ko akwati ɗaya ba. Yanzu ta ƙofar baya take fita, ta zagaya ta wajen makaranta, tafiyar da ta ninka ta gaba sau uku, da gwiwar da ba ta da lafiya.

Akwai kuma saƙonnin waya. Uku a rana suke turo mata, safe, rana, yamma, suna taya ta murnar shiga babban iyalinsu. Daga 5 ga Afrilu zuwa jiya kwana ɗari ke nan, saƙo ɗari uku. An ce a aika kalma ɗaya idan ana so a daina. Mun aika sau huɗu. Kowane karo sai su amsa da godiya.

7. Kafin in dame ka, na je wurinsu.

Ranar Alhamis, 22 ga Mayu, na zauna awa biyu da minti goma a ɗakin jiransu, ƙarƙashin hoton yayata, don akwai ƙaraminsa a bango. Sakatariya ta ce jami'in da ke kula da irin wannan yana taro. Ta ba ni fom ɗin ƙorafi. A ƙasansa akwai layi biyar, mutum biyar da kake so su ma su sami alheri. Wannan karon na juya takardar. Na mayar mata da ita yadda ta ba ni.

Ranar Laraba, 4 ga Yuni, na ga jami'in hulɗa da jama'a. Mutum ne mai ladabi, ya kira ni Baba sau goma sha ɗaya, bai amsa tambaya ko ɗaya ba. Ya fito da fom ɗin Yaya, ya juya shi, ya ɗora yatsa a kan sharaɗi na goma sha huɗu. A nan ne aka ce wanda ya karɓi kyautar ya amince kamfani ya yi amfani da hotonsa da muryarsa da kalamansa, duka ko wani sashe, a duk inda ya ga dama, ba tare da wa'adi ba. An buga shi da tawada mai ruwan toka a kan takarda mai ruwan toka, da baƙaƙen da suka fi na ƙananan tallace-tallacen shafin baya ƙanƙanta. Na san ma'aunin baƙaƙe. Ba a zaɓar wannan girman sai don abin da ba a so a karanta.

Na tambaye shi ko ya kalli maganar gaba ɗayanta. Ya ce wannan aikin wani sashe ne, kuma allo ba ya ɗaukar dogon zance. Na ce masa ƙarancin fili shi ne sana'ata, kuma kalma biyun da suka cire za su shiga sarai a inda suka zana kumfa. Ya yi dariya, ya ce Baba akwai barkwanci. Ya ce akwai mata da yawa da ke roƙon a sa su a allo, su sun mayar da Mama tauraruwa ba ta biya komai ba. Daga nan ya danna ƙararrawa, aka shigo da kwalin sabulu da lema mai tambari, wai don a wanke zuciya. Mutanen nan maganinsu ɗaya ne ga kowace cuta, kuma shi ne cutar. Na bar masa kayansa a kan tebur.

Ranar Juma'a, 20 ga Yuni, wasiƙarsu ta iso. Sun kira Yaya jakadiyarsu, sun gode da ra'ayinmu mai muhimmanci, sun sanar da mu cewa allon zai ci gaba da zama har ƙarshen shekara. Babu kalmar haƙuri a ciki. Na duba gaba da baya.

8. Tunda ofishinku na masu saye ne, za a iya cewa yayata ba ta sayi komai ba, don haka maganar ba taku ba ce. Ina roƙon a duba da kyau. Ciniki aka yi, sai dai ɓangare ɗaya ne kawai ya san ana yi. Sun ba da sabulu goma sha biyu da hula. Sun tafi da fuskarta, da sunan da ta yi shekara talatin tana ginawa, da manyan masu sayenta biyar, da lambar wayarta, da ƙofar gidanta ta gaba. Da an jera mata waɗannan a tebur aka ce ga abin da za ki bayar, da muciyar ta raka su har mota.

Ba ina cewa kowace kyautar ɗan kasuwa tarko ba ce. Yaya da kanta tana bayarwa. Gutsattsarin da ke faɗuwa wajen yanka tana tara su a kwando a bakin ƙofa, mai so ya ɗiba. Baƙon da bai san sabulunta ba tana yanka masa yanki ta ce je ka gwada, idan ya yi maka ka dawo. Ba ta taɓa tambayar kowa lambar waya ba, balle ta abokansa. Wanda ya yarda da kayansa, kayan yake bari su yi magana. Wanda ya zo da sabulu ɗaya da sharaɗi goma sha tara a bayan takarda, ba sabulun ya zo bayarwa ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na bi layin gida gida na tambaya, don kada in yi hukunci da gidanmu kaɗai. Gida ashirin da uku suka karɓa. Duk suna fama da saƙonni, da su da waɗanda suka rubuta. Mutum ɗaya ne ya ci riba, mai gyaran keke. Ya karɓi sabulunsa, ya rubuta lambar wayar da ta ɓace masa shekara biyu da suka wuce, a layi biyar ɗin kuma ya ce shi ba shi da abokai. Bai yi makaranta ba. Na yi shekara goma sha shida a aji, ya fi ni karanta fom ɗin.

9. Ga dalilin da ya sa maganar ba ta jira. Wata ukun kyauta sun zo ƙarshe, tun Yuni aka kai kwali na uku. Ranar Laraba, 9 ga Yuli, mai wanki da guga ya zo gida na huɗu yana sosa ƙeya. Ya ce na kamfanin ya ishe shi, kumfa kamar gajimare, wanki kuwa sai ya narkar da uku inda yake sa ɗaya nata. Ya ce Inna a yafe, a zubo masa kamar yadda aka saba. Ta nuna masa katakan rumfa, babu komai a kansu, ta ce ya je mararraba ya tambayi waccan ta sama, ita ce mai magana yanzu.

Matar da ke kula da ɗakin kwanan ɗalibai ita ma ta kira. Za a koma makaranta ranar 15 ga Satumba, tana son sabulun zango gaba ɗaya. Ta fi son na Yaya, amma kamfanin ya kai mata takardar yarjejeniyar shekara, idan ba ta sami tabbaci ba za ta sa hannu. Ita ce mafi girma cikin biyar ɗin, idan ta tafi sana'ar ba za ta tashi ba. Sabulun Yaya mako shida yake shan iska, ba ta rage ko kwana ɗaya, ko wane ne ke jira. Idan an ƙirga baya, dole wuta ta kama a ƙarƙashin duron nan ranar Litinin, 4 ga Agusta, ko kafin nan.

Na lallashe ta ta fara ko allon yana nan. Na ce mutane sun fara ganewa da kansu, na kawo mata hujjoji a jere yadda na iya. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in tashi in je in karanta bayan takarda. Tun da abin ya faru, wannan ne karo na farko da ta ambaci nawa laifin. Bai wuce wannan ba, ba ta sake ba. Na san yayata, ba za ta ɗaga dutsen ba sai allon ya sauka.

Saboda haka, ranka ya daɗe, cikin girmamawa nake roƙon ofishinka:

Na ɗaya, ya umarci kamfanin ya sauke allon, da duk wani ƙaraminsa da ke wani wuri, kafin 4 ga Agusta.

Na biyu, ya sa su kafa gyara a wannan mararrabar, a kan wannan allon, da baƙaƙe masu girman na farko, ɗauke da maganarta yadda ta faɗe ta, har da zancen rage ruwa. Gyaran ya zauna adadin kwanakin da ƙaryar ta zauna, yau hamsin da biyar ke nan. Na dage kan girman ne don na san yadda ake yi. Laifi a shafin farko, gyara a ƙasan shafi na goma sha bakwai kusa da hasashen yanayi. Ni ma na sha ajiye shi a can, ba na so a yi wa yayata.

Na uku, ya sa su goge lambarta da ta mutum biyar ɗin nan, su kuma rubuto cewa sun goge.

Na huɗu, ofishinka ya duba sharaɗi na goma sha huɗu, ya faɗa mana ko doka ta yarda a karɓi fuskar mutum a bayan takarda. Idan ta yarda, to a tilasta musu su dawo da shi gaba, sama da layi biyar ɗin, da baƙaƙen da mai shekara sittin zai gani ba tabarau. Motar tana nan tana yawo, jiya an gan ta a unguwar da ke bayan kasuwa.

Ba ma neman diyya. Idan kuma kun yi magana da su, don Allah a gaya musu kada su aiko da kwali.

Na haɗo hoton fom ɗin gaba da baya, da hoton allon daga ƙofar gida na huɗu, da maganar Yaya cikakkiya a faifai, da shafukan littafin aljihuna, da wasiƙarsu ta 20 ga Yuni. Akwai kuma sabulu ɗaya mai lotsawar cokali, na ƙarshe da ya rage a gidan. Shaida ce, ba kyauta ba, a dawo mana da shi idan an gama. Kwalin da na ajiye wurin mai gadinku nasu ne, da hular a ciki, ina roƙon a mayar musu. Sabulu goma sha ɗaya ne. Na goma sha biyun, rabi ya tafi a wuyan riguna, rabi ya narke a kwano cikin kwana biyu. Da allon ma haka yake narkewa, da ban ɗauki biro ba.

Kafin in rufe ambulan na karanta wa Yaya wannan takarda tun daga adireshi har ƙasa. Ta sa sabon tabaraunta, ta karɓi shafukan, ta juya kowane ɗaya ta duba bayansa, ta ɗaga shi wajen haske. Sai da ta tabbata fari ne fat, sannan ta nemi biro.

Allah ya ƙara wa ofishinka adalci, ya ba ka ikon duba wannan kafin ranar da na ambata.

Naka cikin ladabi da girmamawa,

(sa hannu)
Ƙanenta, wanda ya cika fom ɗin.

(sa hannu)
Inna Mai Sabulu, gida na huɗu.